Kowace Bindiga da Ma'auninta

Jama'a masu sauraronmu na kusa da na nesa, musamman mutanen ƙasar Gezawa, tun daga Jogana da Babawa har zuwa Tsamiya Babba da Ketawa da Wangara da Tumbau, barkanmu da warhaka, barkanmu kuma da ganin kaka lafiya. Yanzu da aka yanke gero da dawa aka kai rumbu, ƙasa ta buɗe har ido yana hango rimin ƙauyen da ke gaba, shi ne lokacin da maharba ke sauko da bindigoginsu daga inda suka rataye su tun faɗuwar ruwan fari, su kakkaɓe musu ƙura, su shiga neman albarushi. Saboda haka muka ga ya wajaba a kanmu, tun ba a fara fita ba, mu zanta da ku a kan mas'ala guda wadda mutane ke ɗauka ƙarama, alhali kuwa ta raba magidanta da yatsunsu, ta raba wasu da idanunsu, wasu ma da rayukansu. Mas'alar ita ce ta mutumin da ke da bindigar toka biyu ko uku, ko gidan da wa da ƙane kowa ke da tasa, bakinsu ɗaya a ido, tsawonsu ɗaya, sai a ɗauki ma'aunin albarushi guda a riƙa zagaya su da shi, bisa zaton cewa abin da wannan ta ɗauka waccan ma za ta ɗauka.

Bindiga baƙuwa ce a ƙasar Hausa, amma baƙuwar da ta daɗe har ta zama 'yar gida, kuma sunayen kayanta suna ba da shaidar hanyar da ta biyo. Ita kalmar bindiga daga Larabci take, watau bunduƙiyya. Albarushi daga al-barud ya fito. Harsashi kuwa daga ar-rasas, wanda ma'anarsa dalma. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi daga wajen Nupe a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi sarauta daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki, wanda ya hau a 1768, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga suna tsaronsa. Ita ƙasar Gezawa kuwa ba da labari ta san ƙarar albarushi ba, domin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara maƙera a birninsa suna zuba masa igwa suna haɗa masa albarushi, kuma da wannan ƙarfi da ya bari ne wani magajinsa, Ahmadu Kuran Daga, ya shigo ƙasar Kano da yaƙi a ƙarshen shekarun 1890, zamanin Sarki Alu, har rundunarsa ta iso Gezawa. A ɗaya ɓangaren kuma, a 1890 ƙasashen Turai suka taru a Burusal, babban birnin Beljiyam, suka ƙulla yarjejeniyar da ta taƙaita sayar wa mutanen wannan sashe na Afirka bindigogin zamani, aka bar musu irin waɗanda ake ɗurawa ta baki, masu tashi da dutsen ƙyastu. Wannan na daga cikin sababan da suka sa bindigar toka, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, ta zama ita ce rabon talaka, maƙeranmu kuma suka koyi gyaranta, daga nan suka koyi ƙera ta gaba ɗaya.

To, kafin mu shiga maganar ma'auni, ya kamata mai sauraro ya fahimci abin da ke gudana a cikin bututun bindiga a ɗan lokacin nan da bai kai ƙiftawar ido ba, tsakanin taɓa kunama da jin ƙara. Albarushi gari ne da aka haɗa da gawayi da farar wuta da wani irin gishiri, kuma idan wuta ta taɓa shi yakan ƙone nan take ya rikiɗe ya zama iska mai zafi, wadda yawanta ya ninka na garin sau ɗaruruwa. Ita kuwa wannan iska, da yake an haife ta a wuri ƙuntatacce, ba ta da wani buri sai na fita, kuma ba ta zaɓen ƙofa don ganin damar maharbi, sai dai ta bi wadda ta fi rauni. Idan harsashin da ke gabanta shi ne ya fi sauƙin turawa, sai ta tura shi ya fita ta baki, a ce bindiga ta tashi lafiya. Idan kuwa bangon bututun ne ya fi rauni, ko ɗinkin da aka toshe gindinsa da shi, to ta nan za ta fita, a ce bindiga ta fashe. Abin tsoro a nan shi ne, inda ƙarfin iskar ya fi tsananta, watau gindin bututu, nan ne daidai inda maharbi ke kwantar da kuncinsa, ɗan gaba kaɗan kuma nan ne hannunsa na hagu ke riƙe.

Bindigogi biyu kuwa, ko da maƙeri ɗaya ya ƙera su a wata ɗaya, ba sa zama ɗaya a wajen jure wannan ƙarfi. Maƙerin ƙauye ba shi da masana'antar narka ƙarfe. Abin da ya samu a kasuwar 'yan gwangwan da shi yake aiki, yau ya sami ƙarfen mota mai kauri, gobe ya sami bututun famfo, wanda tun asali don ruwa aka yi shi, kuma yana da ɗinki a tsawonsa tun daga sama har ƙasa, ko da ido bai gan shi ba. Sa'an nan ga shekaru, ga tsatsa. Tokar da albarushi ke bari a cikin bututu tana jan laima kamar yadda gishiri ke yi a cikin damina, ta riƙa cin ƙarfen daga ciki a hankali, har bangon da ya fita daga maƙera da kauri ya koma siriri a wasu wurare, alhali daga waje bindigar tana sheƙi saboda man da ake shafa mata.

Akwai kuma wani lissafi da nake roƙon maharba su saurare shi da kunnen basira, domin ya shafi al'adar nan ta auna ɗuri da yatsu, inda mutum zai zura sandar ɗuri ya ga da yatsu nawa ta ɗago sama da bakin bindiga. Kowace uwargida ta san cewa kwano biyu masu zurfi ɗaya, idan ɗaya ya fi faɗi, ba sa cin hatsi ɗaya. Haka bututu yake. Idan faɗin ramin wata bindiga ya ɗara na 'yar'uwarta da kashi ɗaya cikin biyar kacal, bambancin da ba kowa zai lura da shi ba sai ya gwama su baki da baki, to tsawon yatsa guda na albarushi a cikinta ya ɗara na waccan da kashi 44 cikin 100, watau kusan rabi. Mutum zai rantse da Allah cewa yatsun da ya saba su ya zuba, kuma ba zai yi kaffara ba, amma albarushin da ke ciki ba wanda ya saba ba ne. Idan kuma aka juya al'amarin, aka ɗauki ma'aunin bindiga mai faɗi da kauri aka juye shi a cikin matsattsiya mai siririn bango, aka ɗora masa dalma mai nauyi irin ta waccan, to an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Wannan magana ba a littafi na fara saninta ba. Ina yaro, a ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa, akwai wa da ƙane a maƙwabtanmu, manoma ne su biyun, masu fita harbin zabin daji da zomo idan an yi girbi, kuma bindigoginsu sun yi kama har mutane na kiransu Hassana da Usaina, domin maƙeri ɗaya ya yi su, itace ɗaya aka sassaƙa musu ƙota da shi. Kowannensu yana da ɗan gutsuren ƙahon akuya da aka yanke daidai, aka huda aka ɗaure da zare a jikin gorar albarushi. Wata asuba ta hunturu, ina tsugune a bakin zaurensu ina jin ɗumin wutar kara, na ji ƙanen ya ce, "Yaya, ara mini ma'auninka, nawa ya tsinke a gona jiya." Wan, yana ɗaure takalminsa bai ko ɗago kai ba, ya ce, "Ɗauka mana, ai uwa ɗaya uba ɗaya suke." Ba a yi sa'a guda ba muka ji ƙara daga bayan gari, kuma ko mu yara mun san ba irin wadda muka saba ji ba ce, domin ba ta yi tsawo ba, ta yi kamar an doka ƙaton tulu da ƙasa. Da aka kawo shi a kan amalanke, an naɗe hannunsa na hagu da rawanin wani dattijo, rawanin ya jiƙe sharkaf, shi kuwa ba ya kuka, salati kawai yake yi, fuskarsa duk ɗigo-ɗigon baƙin albarushi da ya shige fata. Yatsu biyu suka tafi.

Bayan kwana biyu aka kai wa tsohon maƙerin gawar bindigar, na bi su. Bututun ya buɗe a tsaye kamar karan dawa da aka tsaga da wuƙa, tun daga gindi har kusan kamu guda. Tsohon ya juya shi a hannunsa, ya kankare cikin da farce, ɓawon tsatsa ya zubo masa a tafi kamar dusa, sa'an nan ya dubi wan ya ce, "Ɗana, ni na ƙera su duka biyu, amma ba daga ƙarfe ɗaya na yanko su ba. Taka ƙarfen mota ce, tasa bututun famfo ce, shi ya sa ranar da na miƙa wa kowa tasa na yanka masa ƙaho nasa daban, nasa bai kai naka ba. Ga shi kuma ta yi damina a jingine ba wanki. Da an aiko yaro ya tambaye ni, da na yanka masa wani kyauta." Wan bai ce uffan ba, hawaye kawai. Ƙanen ya rayu shekaru masu yawa bayan haka, kuma duk damina ina ganinsa yana noma, ya ɗaure ƙotar fartanya a tafinsa da tsumma saboda yatsu uku ba sa riƙe ta idan gumi ya zo. Allah ya jiƙansu duka.

La'alla wani zai ce wannan aibin bindigar ƙauye ne, da ta kamfani ce da ba a yi haka ba. To, bari mu leƙa ƙasashen da ake ƙera ta kamfanin mu ga yadda suke yi. A Ingila, tun 1637 akwai gidan jarraba bindiga a Landan, a 1813 kuma majalisarsu ta kafa wani a Bamingam, garin da da yawa daga cikin bindigogin da fatake suka kawo Afirka ta Yamma suka fito. Kowane bututu sai an kai shi can, an ɗura masa fiye da ƙa'ida, an harba shi a ɗaki rufaffe ba mutum a kusa, in ya tsira a buga masa hatimi, in ya fashe ya fashe shi kaɗai. Akwai kuma hukumomin da ke ƙayyade girman harsashi da iyakar ƙarfinsa, ɗaya ta ƙasashen Turai da aka kafa a 1914, ɗaya ta Amurka da aka kafa a 1926, don harsashin da aka yi a wannan kamfani ya shiga bindigar da aka yi a wancan. Duk da wannan tsari, maharban Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu masu ɗura harsashinsu da kansu a gida, waɗanda ke tattara kwanson tagulla bayan harbi su sake cika shi, ba su yarda cewa bindigogi biyu masu lamba ɗaya abu ɗaya ne ba. Mutum zai mallaki uku, dukansu masu cin harsashi mai lamba .30-06, wanda sojan Amurka suka fara aiki da shi a 1906, ko mai lamba .303 irin na sojan Ingila na da, amma ya san cewa ɗakin da harsashi ke kwanciya a cikin kowacce ya saɓa wa na sauran da abin da bai fi kaurin gashi ba, kuma kwanso idan aka harba shi yakan kumbura ya ɗauki siffar ɗakin da aka harba shi a ciki, har ya zama kwanson wannan in an kai shi waccan ya ƙi shiga, ko ya shiga da ƙyar.

Saboda haka sai su bi ɗayan hanya biyu. Ko dai kowace bindiga a ware mata kwansonta da akwatinta, a rubuta sunanta da nauyin albarushinta da ranar ɗuri a jikin akwatin. Ko kuwa, in mutum yana son harsashi guda ya yi masa aiki a dukansu, ya matse kowane kwanso ya mayar da shi girmansa na asali, sa'an nan ya tsaya a kan ɗurin da mafi ƙarancin haƙuri a cikin bindigogin ke ɗauka lafiya, sauran su bi ta. Ba sa aunawa da ido ko da yatsa, sai da ɗan mizani mai auna abin da 7,000 ɗinsa ke cika laba guda. Kuma duk ranar da suka sami sabuwar bindiga, ko suka sake irin albarushi, sai su koma ƙasa da iyakar da littafin kamfani ya yanka da misalin kashi ɗaya cikin goma, su riƙa hawa kaɗan-kaɗan suna duba kwanso bayan kowane harbi ko ya nuna alamar wahala. Ni dai abin da na ɗauka daga wannan shi ne, idan mutanen da ke da hatimin gwamnati a kan bututunsu, da mizani, da littafi, suna jin tsoron mayar da ɗurin wannan cikin waccan, to mu da ba mu da ko ɗaya daga cikin ukun, mu ne muka fi cancanta da wannan tsoro, kuma wanda ke tsaye a matsayin littafi a wurinmu shi ne maƙerin da ya san ƙarfen da ya yi aiki da shi. A koma masa da bindiga kowace kaka ya duba, in ya ce ta gaji a yarda ta gaji.

Yanzu ga wata fitina sabuwa wadda kakanninmu ba su san ta ba, kuma ina roƙon iyaye su faɗa wa samarinsu da babbar murya. A 1884 wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙago albarushi marar hayaƙi, wanda shi ne ke cikin harsashin zamani duka, har da na bindiga mai baki biyu da ake kira lamba 12. Sunansu ɗaya da namu, amma ɗabi'arsu ba ɗaya ba ce ko kusa, domin shi marar hayaƙin, gwargwadon yadda aka matse shi gwargwadon yadda yake ƙara saurin ci, kuma ƙarfin da yake haifarwa ya wuce abin da aka yi bindigar toka dominsa nesa ba kusa ba. Wasu samari sukan farke irin wannan harsashi su juye garinsa a bindigar toka, ko su gauraya shi da na gargajiya don ta ƙara kaifi, wasu ma har da garin kan ashana ko abin fasa dutse. Babu ma'aunin da ke halatta wannan, babba ko ƙarami. Wanda ya yi ya tsira sau ɗaya, jinkiri aka yi masa. Hatta albarushin gargajiya ba duka ne ɗaya ba, domin mai laushi ya fi mai tsakuwa saurin ci, na wannan mai haɗawa kuma ya saɓa wa na wancan. Don haka duk wanda ka sayo sabo, ka ɗauke shi baƙo, ka rage masa ma'auni har ka san halinsa.

Sandar ɗuri ma, kamar ƙaho, kowace bindiga ta riƙe tata. Ka zura ta a bindigarka lokacin da ka tabbata babu kome a ciki, ka yi mata zane da wuƙa daidai bakin bututu. Daga ranar nan, duk sa'ad da ka yi shakka, sandar za ta gaya maka gaskiya, in zanen ya tsaya sama to akwai ɗuri a ciki. Da wannan ɗan zane ake tsira daga ɗuri biyu, wanda yakan faru idan bindiga ta ƙi tashi mutum ya manta, ko wa ya ɗura ya ajiye ƙane ya zo ya ƙara. In ka ari sandar wata bindiga, zanenta ƙarya zai yi maka. Ka kuma tura harsashi har ya zauna a kan albarushi ba tare da rata a tsakaninsu ba, domin ratar nan tana kumbura bututu ko ta fasa shi. Kada ka cusa ƙusa ko gutsuren ƙarfe mai kusurwa, wanda zai iya gicciyewa a hanya. Kada ka zuba albarushi kai tsaye daga gora, musamman bayan harbi, domin ɗan garwashin tsumma da ya saura a ciki ya isa ya kunna gorar duka a hannunka. In ka taɓa kunama ba ta tashi ba, ka bar bakinta yana duban inda ba kowa, ka jira minti guda ko fiye, domin albarushi mai laima yakan yi nawa sa'an nan ya tashi. Wanda ya rataye bindigarsa tun damina kuma ya tuna da zanzaro, wanda ba abin da yake so irin rami mai duhu ya gina ɗakinsa na laka. Bututun da zanzaro ya toshe daidai yake da wanda aka cusa wa dutse.

Game da dalma, kalma biyu. Mun ga abin da gubarta ta yi a Zamfara a 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda yara kimanin 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar tsohon batir da maharbi ke narkawa don zuba harsashi, ita ce dai wannan dalmar. Kada a narka ta a tsakar gida inda yara ke rarrafe, kada a yi da kaskon da zai koma madafa, a kuma yanke naman da ke kewaye da inda harsashi ya shiga a zubar kafin a sa a tukunya.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba tare da bayani ba. Mai Risala, Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, ya rarrabe tsakanin farautar da ake yi don wasa, wadda ya ce makaruhi ce, da wadda ake yi don bukata, wadda take mubahi. Malaman Malikiyya na baya kuma, irin su Shehu Dardir, sun halatta cin abin da aka harba da harsashin dalma idan an ambaci sunan Allah. Amma shari'ar da ta halatta maka naman ita ce ta ɗora maka amanar makamin. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada su yanki wani; aya ta 92 a Suratun Nisa'i kuwa ta ɗora diyya da kaffara a kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, ba ta ce tun da kuskure ne shi ke nan ba. Haƙiƙa kome da ƙaddara yake faruwa, kuma mun yi imani da haka, sai dai imani da ƙaddara bai taɓa sauke wa mutum nauyin riƙon sababi ba, kuma wanda ya ɗura wa ɗan'uwansa bindiga da ma'aunin da ba nata ba, ya kamata ya je ya tambayi malaminsa ina matsayinsa idan ta fashe.

Wannan amana ta fi nauyi a ƙasa irin tamu. Masana irin su Michael Mortimore, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin noman karkarar Kano har suka zauna da manoman Tumbau, sun bayyana wa duniya cewa wannan yanki yana cikin mafi cikar jama'a a karkarar Afirka ta Yamma, inda gona ke manne da gona, ana nomawa kowace shekara da takin dabbobi, kowane gawo da kowace ɗorawa da mai ita. Ba mu da daji irin Falgore. Bayan kowane shingen bini-da-zugu akwai yiwuwar yaro mai kiwon awaki, ko tsohuwa mai tsintar kara, ko mai keke da ya ratso ta burtali. Kuma ƙara albarushi don harsashi ya yi nisa, wanda shi ne dalilin da yawancin masu ƙarawa ke bayarwa, ba ya ƙara wa maharbi saiti, sai dai ya kai abin da ya kuskure zabo zuwa gonar da ba ya gani. Masu buga bindiga a hawan salla da bukukuwa ma kada su ce ai tasu ba harsashi, domin neman ƙara mai girgiza gari shi ke sa a cika albarushi a danne shi da ƙarfi, kuma tsakiyar taro ake yi. Ta fuskar hukuma kuwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa al'amarin lasin bindigar toka a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha, ta kuma hana ƙera bindiga ko gyaranta sai da izini. Mai bindiga ya nemi takardarsa ta hannun shugabannin maharban yankinsa da ofishin 'yan sanda mafi kusa.

Idan kuma, Allah ya kiyaye, abin ya auku, to a sami tsumma mai tsabta a danne raunin da ƙarfi, a ɗaga hannun sama da ƙirji, kada a zuba masa toka ko ƙasa ko man birki, kada a ciro ƙarfen da ya nutse a nama, in a ido ne kada a murza, a rufe shi kawai. A nufi babban asibitin Gezawa nan take, su za su san ko na turawa Asibitin Ƙashi na Dala ne, a kuma tabbata an yi wa mai raunin allurar titanas, ciwon nan mai ɗaure haƙora. Mutane da yawa sukan ɓoye mai rauni a ɗaki don tsoron a ce sai sun kawo takardar 'yan sanda, har raunin ya ruɓe; to ku sani, tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda harbi ya raunata ya fara yi masa magani ba tare da jiran wannan takarda ba. A ɗauki ragowar bindigar da gorar albarushin a ajiye inda yara ba sa kaiwa, domin a nuna wa maƙeri da hukuma.